Ciwon da Yaya Hansai Ta Kai Makka

Ni ba mai yawo ba ce. Kafin wannan tafiya, iyakar nisan da na taɓa yi shi ne daga ƙauyenmu zuwa Dambatta biki, shi ma da gari ya waye na ce a mai da ni gida, kajina ba su da mai ba su ruwa. Sai ga ni a ƙasar Chadi, a bayan babbar mota, a kan buhunan busasshen barkono, ina atishawa ina hawaye. 'Yan shekaru ne bayan Turawa sun ba mu mulkin kai. Yaya Hansai ce ta ce ba za ta Makka da kowa ba sai da ni, ni kuwa ban iya ce mata a'a ba, don ita ta goye ni bayan uwarmu ta rasu.

Ɗanta ne ya aiko a kai ta. Isuhu, ɗan farinta. Kun san yadda muke da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a kallonsa ido da ido, ba a ma riƙe shi. Ana yaye Isuhu ƙanin ubansa ya ɗauke shi, da ya fara wayo kuma ya yi gabas da shi, can ya girma. Uban ya rasu, ƙanin uban ya rasu, sai ga saƙo ta bakin alhazai cewa yana son ganin uwarsa. Muka bi ayarin wani malami ɗan'uwanmu da iyalinsa.

A bayan garin Abashe na san abin da Yaya take ɗauke da shi. Mota ta tsaya, mata suka watsu cikin daji, ta ce, "Auta, zo ki kare ni da zane." Na riƙe zane, idona ya faɗa inda bai kamata ba. Mahaifarta ce ta sauko har ta fito waje, kamar babban mangwaro, gefe ɗaya ya yi gyambo saboda gugar ƙunzugu. Sai ta sa hannu ta tura ta ciki kafin fitsari ya samu hanya.

Na ce, "Innalillahi! Yaya, tun yaushe?"

Ta ce, "Tun haihuwar Ladidi. Rufe bakinki, ƙuda zai shiga."

Ladidi 'yarta kuwa a lokacin har ta isa ɗaukar tulu. Duk shekarun nan da shi Yaya take daka, da shi take zuwa rijiya, kullum muna tare ban sani ba. Ta ɗaure ƙunzugunta, ta miƙe da ƙyar, ta ce wata alhajiya ta gaya mata a Makka akwai likitocin da suke mai da abin su ɗinke. "Farali zan sauke, Auta. Amma in Allah ya yarda, ina so in yi sujada ko sau ɗaya ban ji kamar cikina zai zube a kan tabarma ba."

Bayan mun wuce Jinaina, a ƙasar Sudan, direban da ya rantse zai kai mu har inda ake hawa jirgin ƙasa ya sauke mu a wani ƙauye, ya ce zai je ya sha mai ya dawo. Har yau yana shan man. Ya tafi da buhun garinmu, da kukata da daddawata da na ƙulle da hannuna. Daddawar nan na yi wa kuka fiye da komai, Allah ya sani.

A ƙauyen nan wata mata doguwa mai tsage a kumatu ta tsaya tana kallon tafiyar Yaya. Ba ta jin Hausa, ba ma jin nata. Ta kama hannun Yaya kawai ta shiga da ita ɗaki, ta dafa bagaruwa, ta bari ruwan ya huce, ta zaunar da ita a ciki. Sannan ta nuna cikin Yaya, ta nuna nata cikin, ta gyaɗa kai. Ashe ita ma. Suka zauna suna kallon juna suna 'yar dariya kamar waɗanda suka yi wasan ƙasa tare. Da za mu tafi ta yage gefen mayafinta mai laushi ta ba Yaya. Ban san sunanta ba, amma ba na yin addu'a in manta da ita.

Jirgin ƙasa, sai Sawakin inda aka tsare mu ana yi mana allura, sai teku. Kada ku tambaye ni teku. Na rufe ido na yi ta amai har aka ce ga Jidda.

Isuhu yana bakin tasha. Dogo, da gemu, da farar riga irin tasu, amma goshin Yaya ne sak. Ya taho a guje hannu a buɗe yana kiran, "Ummi! Ummi!" Zai sumbaci kanta kamar yadda 'ya'yan can suke yi wa iyayensu. Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juyo gare ni ta ce, "Auta, kin duba kayan nan sun cika?"

Ya tsaya da hannunsa a sama. Na ja shi gefe na ce, "Kada ka damu, kunya ce. Kai ne ɗan fari."

Ya ce, "Kunya? Lesh, Inna? Don me? Ni na yi laifi?"

Hausarsa ta tsaya ne a inda aka ɗauke shi. Hausar ɗan yaro ce a bakin mai gemu, in ta ƙare masa sai ya cike da Larabci. Ni kuma ban san yadda ake bayanin kunya ba, don ban taɓa haɗuwa da wanda bai san ta ba.

Ɗaki ɗaya gare shi a unguwar Jarwal cikin Makka, a wani tsohon gida mai hawa. Ya bar mana ɗakin, ya koma kwana a kan rufi. Kullum da safe ya sauko da burodi mai zafi da wake da mai, ya ajiye, ya tsaya yana jira ya ga ta ci. Ba za ta taɓa ba sai ta ji ƙarar takalminsa ta ɓace. Sannan ta cinye tas, ta ce, "Yaron nan ya rame. Wa yake yi masa girki?" Na ce, "Ki tambaye shi mana." Ta harare ni.

Ni kuwa kewa ta kusa kashe ni. Gari guda ba ka jin lugude ko dakan gero, ba zakara, sai hon ɗin motoci da tantabaru. Na kan zauna a bakin taga ina lissafin ko wace kaza ce ta yi ƙwai yanzu.

Aikin Hajji kam ta yi shi, amma yadda ta yi shi Allah kaɗai ya sani. A Mina ƙafarta ta ƙi ɗaukarta, zazzaɓi ya rufe ta. Da alhazai suka fara watsewa, malamin da muka zo da shi ya tafi da iyalinsa, mu muka tsaya, don Yaya ba ta iya ko sauka daga bene. Isuhu ya ce sai mustashfa, wato asibiti. Zuciyata ta yi fari, na ce yau abin da aka zo nema ya samu.

Likitan namiji ne, Bamisre, mai ƙaton tabarau. Ba wanda zai juya magana sai Isuhu. Ya ce, "Ummi, daktur ya ce ina yake miki ciwo?"

Yaya tana kallon ƙasa. Ta ce mini, "Ce masa baya ne."

Na ce wa Isuhu baya ne, Isuhu ya ce wa likita. Likita ya ce ta hau gado a duba ta, ta ce ba sai an duba ba. Aka ba mu ƙwayoyi da man shafawa. Isuhu yana ta murna a hanya, yana cewa, "Alhamdulillah, basiɗ, abu kaɗan ne." Har ya tsaya ya ƙaro wani man. Ni na bi su a baya ina cizon mayafi.

Hajiya Kande ce ta cece mu. Tsohuwa ce Basakkwatiya da take ƙasan benenmu, tana sayar da soyayyar gyaɗa. Tun tana budurwa ta zo da ƙafa, ba ta da takardar zama, in an ce ga 'yan sanda sai ta ɗora faranti a ka ta ɓace kamar ƙasa ta haɗiye ta. Ita ta fara ba ni daddawa a Makka. Ran nan ta tare ni a matakala ta ce, "Ke 'yar Kano, wagga yayar taki ba baya ka mata ciwo ba. Tahiyar nan na san ta. Mi kuka ɓoyo?" Na fashe da kuka na gaya mata. Ta ce akwai ranar da likita mace take ganin mata, ita za ta juya mana magana.

Muka je Isuhu yana wurin aiki. Likitar ta duba Yaya, ta ɗago tana faɗa da Larabci kamar ruwan sama a kan kwano.

Yaya ta ce, "Me take cewa?"

Kande ta ce, "Ta ce kin yi sakaci. Ni kuma na ƙara da cewa ke wawuya ce."

Yaya ta yi dariya, rabon da in ji dariyarta tun Sudan. Aka yi ta wanke gyambon da magani har ya fara kamewa, sannan aka sa mata wani zobe na roba da zai tallafe mahaifar daga ciki. Kwanakin nan Yaya ta yi salla a tsaye, ta daɗe a sujada har na taɓa ta in ji ko lafiya. Sai wata safiya ta yi tari, zoben ya faɗo, komai ya dawo.

Likita ta zaunar da mu ta yi bayani a hankali, Kande tana juyawa. Ta ce zobe na wadda abin bai yi mata nisa ba ne. Akwai waɗanda ake ɗage musu mahaifar a ɗinke ta a wurinta, musamman masu son ƙara haihuwa, amma naman Yaya ya zama kamar tsohon zane, ka ɗinke nan ya yage can. Akwai kuma tsofaffin da ake rufe musu hanyar gaba ɗaya, amma ba a yin haka a kan gyambo irin nata. Abin da ya rage shi ne a cire mahaifar ta ƙasa, ba sai an tsaga ciki ba, a gyara inda ya saki. Ta ce kada a jinkirta, don fitsarin da yake tsayawa ya fara taɓa ƙoda, shi yake kawo zazzaɓin.

Na zaci Yaya za ta ƙi. Sai ta ce, "A cire. Ta gama aikinta, ta huta in huta."

Na kusa yin guɗa a asibitin mutane. Sai likita ta ƙara wata magana. Kande ta juyo ta ce, "Ta ce ba a yanka mace nan sai namijin da ke waliyyinta ya zo, an yi mai bayani, ya yarda. Ina miji?"

Na ce ya rasu.

"To sai ɗa."

Yaya ta gyara mayafinta ta miƙe.

Muka biyo ta har muka shiga lungunmu. Ta dafa bango ta ce, "Ɗakin da ya kwanta a ciki, a zaunar da shi a yi masa bayaninsa, ga ƙofa ga bango, ga inda ya ruɓe? Auta, gara a kai ni maƙabarta."

Kande ta ce, "Hansai, nan Makka ta, ba ƙauyenku ba. Bari in samo wani tsoho ya ce shi wanki ne."

"Ƙarya a garin Allah, bayan na sauke farali? A'a."

"To mutu, ki huta da gardama!" Kande ta faɗa, amma hawaye take sharewa.

Daga nan abin ya yi ta gaba. Ƙafafunta suka kumbura, zazzaɓi ba ya sauka, idonta ya faɗa. Isuhu yana ta kawo man baya kala-kala yana jerawa a taga. Wata rana ya tare ni a ƙofa ya ce, "Inna, ki gaya mini gaskiya. Ummi ba ta so na? Ta ba da ni ina ƙarami, yanzu ma ba ta so ta gan ni?" Yaya tana ji daga ciki. Da ya tafi ta kira ni, ta riƙe wuyan hannuna, hannunta kamar garwashi.

Ta ce, "Na ga bakinki yana motsi. In kika gaya masa, ba ni ba ke. Kin san ba na magana biyu."

Na sani. Na zauna da maganar nan kwana da kwanaki, ina shafa mata man da ba ya maganin komai. Ranar da na ga ta kira ni da sunan uwarmu saboda zafin zazzaɓi, na ɗauki mayafi. Kande ta raka ni har unguwar Zahir, inda Isuhu yake aikin tuƙa motar alhazai, ta nuna mini garejin ta koma.

Na same shi yana wanke mota bayan la'asar. Ni ma fa kunyar nan tana jikina, ɗan yayata ne. Sai na juya masa baya, na fuskanci tayar mota, ita na gaya wa komai. Har na kai ƙarshe. Na waiwaya, ya zauna a ƙasa cikin ruwan wankin, yana kuka kamar yaro.

Ya ce, "Wannan ne? Wannan ne kawai? Tun daga Najeriya a kan mota da wannan? Inna, ni daga nan na fito. Ni za a ɓoye wa?"

Na ce, "Isuhu, ka saurare ni da kyau. Ka je wurin likita a ɓoye, ka yarda, ka dawo ka yi kamar ba ka san komai ba. Ni zan ce mata sun sassauta dokar. Kada ka nuna mata ko a fuska."

Ya ce, "Ɗayyib, Inna, to."

Na yarda ya yi niyyar yin hakan. Amma ɗan Makka ne, abin da ke cikinsa shi ne a fuskarsa. Muna shiga ɗaki ya ga yadda take kwance, ya zube a gabanta, ya kama hannunta ya ɗora a goshinsa, ya ce, "Ummi, na ji komai. Ma'alesh, ba komai, ba abin kunya ba ne. Gobe za a yi miki aiki."

Ba ta janye hannun ba. Ba ta kalle shi ba. Ni ta kalla, ta saman kansa, ta daɗe tana kallona. Sannan ta juya fuskarta ga bango.

Sai da aka yi kwanaki ana sauke zazzaɓin kafin a yi aikin. Ta bi su duk inda suka ce, ba musu, ba magana. Aka yi lafiya. Ni na yi jinyarta, ni nake juya ta, ni nake wanke ta, tana karɓar ruwa daga hannuna. Amma maganarta da ni ta koma "to" da "a'a". Na yi ta ba ta labarin gida, na kwaikwayi muryar Kande, na kwaikwayi likita mai tabarau, abin da a da sai ta riƙe ciki don dariya. Ko gezau.

Ta warke sarai. Na ga Yaya Hansai ta yi ɗawafi da ƙafarta, a miƙe, tana wuce 'yan mata. Isuhu har ya samo gida mai ɗaki biyu a unguwar Ka'akiyya, ya ce ta zauna da shi, ita za ta zaɓa masa mata. Ta jira ya fita, ta ce wa Kande, ba ni ba, "A gaya wa mai ɗakin nan gida za ni. Ba na iya zama gari ɗaya da shi."

Ya roƙa, Kande ta zage ta tas, a banza.

Shi ya kai mu Jidda, ya sama mana jirgin sama don kada ta sake hawa mota. Ya ɗauki kayanta har inda ake tsayar da masu rakiya. Wannan karon bai buɗe hannu ba, ya koyi wannan. Ya tsaya daga nesa ya ce, "Ummi, ki yafe mini." Na ji ta ce can ƙasa-ƙasa, "Allah ya yi albarka." Amma injin jirgi yana ruri, bai ji ba. Na buɗe baki in maimaita masa, aka turo mu gaba. Bai sake ganinta ba.

Yaya ta yi shekaru masu yawa bayan nan da lafiyarta. Ta yi daka, ta je rijiya, ta goyi jikoki. Tsakanin gidana da nata katanga ce da kwararo ɗaya. Duk ranar Juma'a nakan yi dambu in kai mata. Tana jin sallamata sai ta tashi, ta ɗauko sabuwar tabarmar da take ajiye wa baƙi ta shimfiɗa mini, ta kawo ruwa a kwano mai murfi, ta koma gefe ta zauna.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. Yaya mutanen gidan?"

Ni kuma in ce, "Suna lafiya."